Yadda ake juya yadi zuwa mita da mil zuwa kilomita da ka, ba takarda ba alƙalami

Ana saura mako uku babbar salla na aika wa kawuna da ke Kano kuɗi ya sayo mini shadda. Telana na nan Garwa, a arewacin Kamaru, ya riga ya gaya mini cewa babbar riga da 'yar ciki da wando, in ina so su zauna mini yadda ya kamata, sai goma. Ni ma na ce wa Kawu goma. Da kaya suka iso tela ya warware shaddar a kan tebur, ya ja tef sau ɗaya, ya sake ja, sannan ya ɗago kai ya ce, "Malam, wannan ai tara ce da ɗan ɗoriya." Nan take na buga wa Kawu waya raina a ɓace. Ya ce, "Kai yaro, goma ka ce, goma aka yanka a kan idona." Dukansu biyu gaskiya suka faɗa. Tela mita yake nufi, Kawu yadi ya saya, kuma yadi 10 mita 9 ne da santimita 14. Santimita 86 ɗin da suka ɓace a tsakani su suka cinye faɗin hannun rigar.

Mu da ke zaune a Garwa da Marwa da Ngaundere, har zuwa Kusuri da Njamena, a bakin iyakar awo biyu muke. Makaranta da asibiti da ofis da mita suke aiki, da kilo da lita, gadon Faransa, inda aka ƙirƙiro mita a shekarun 1790. Amma rabin kayan kasuwarmu ta Mubi da Yola da Maiduguri suke shigowa, kuma duk da Najeriya ta koma kan mita a hukumance tun shekarun 1970, bakin 'yan kasuwarta bai koma ba. Har gobe yadi ne, inci ne, ƙafa ce, galan ne. Ga kuma motocin Amurka da ke zuwa da mil ɗinsu. Abin da zan nuna a nan lissafin tsaye ne, irin wanda ake yi a gaban mai kaya kafin ya gama naɗe leda.

Kafin komai: tambaya, da duba waƙafi

Matakin farko ba lissafi ba ne. Duk wanda ya ba ka lamba tsirara, ka ce masa "goma me?" Kada ka ji nauyi, ko da babba ne. Na biyu, in lambar a rubuce take, duba wa ya rubuta ta. Wanda ya yi karatun Faransanci waƙafi yake sakawa inda mai karatun Ingilishi ke saka ɗigo. Wato 2,54 na Garwa shi ne 2.54 na Yola. Matsalar tana fitowa a lamba irin 1,500. Ɗan Yola zai karanta dubu da ɗari biyar, ɗan Garwa zai karanta ɗaya da rabi. A wannan rubutu ɗigo nake amfani da shi wajen gutsuren lamba.

Yadi da mita

Yadi ɗaya santimita 91.44 ne cif. Ba kintace ba ne, haka Amurka da Ingila da wasu ƙasashe huɗu masu magana da Ingilishi suka tsayar da shi a 1959, kuma daga nan ne inci ya tsaya a santimita 2.54. Ga ɗan kasuwa ma'anar ita ce yadi ya gaza mita da kusan faɗin tafin hannu.

Daga yadi zuwa mita, ka cire kashi ɗaya cikin goma. Turmin atamfa yadi 6 ne. Kashi goma na 6 shi ne 0.6, ka cire, saura 5.4. Ainihin amsar 5.49 ce, don haka ka riƙe a ranka cewa turmi mita biyar da rabi ne. Zannuwan da ake bugawa a nan gida ma, irin na CICAM mai masaƙa a Garwa, a yadi shida-shida ake sayar da su, don haka ko a ƙasar mita atamfa ba ta bar yadi ba.

Daga mita zuwa yadi kuwa ƙarawa ake yi. Tela ya ce mita 5, ka ƙara kashi goma, ka ce wa mai saye a Kano yadi biyar da rabi. Ya ce mita 10, ka ce yadi 11. Wannan lamba ta ƙarshe ita ta fi cancanta a haddace: yadi 11 mita 10 ne, har da rarar santimita 6. Da na san ta a wancan lokaci da ban je idi da guntun hannu ba.

Farashi yana bin hanyar da mutane da yawa ke juyawa. Tunda mita ta fi yadi tsawo, kuɗin mita ya fi na yadi. A ce an ba ka shadda sefa 3,000 yadi, wani kuma ya ce 3,200 mita. Ka ƙara kashi goma a kan na yadin, ya zama 3,300 a kowace mita. Ashe mai 3,200 ɗin ne ya fi sauƙi, duk da lambarsa ta fi girma a kunne. Masu shagon yadi sun san wannan sarai, mai saye ne bai sani ba.

Inci da santimita

Inci 4 santimita 10 ne. Daga nan komai ke fitowa. In kana da inci, ka ƙara sifiri, ka raba biyu, ka sake raba biyu. Hula mai lamba 22: 220, rabi 110, rabi 55. In kana da santimita, ka ninka sau huɗu ka yar da sifiri: santimita 60 sau huɗu 240, wato inci 24.

Sai dai wannan hanya tana ɗan cin awo, domin inci 2.54 ne, mu kuma da 2.5 muke aiki. Gyaran mai sauƙi ne: a kowane inci 25 ka ƙara santimita 1. Hular nan ta 22 ashe 56 ce, ta 23 kuma 58 da ɗan kai. Tsawon wando inci 40, lissafin tsaye ya ba da 100, ka ƙara ɗaya da rabi, 101.5, ainihi 101.6. A tsawon riga santimita ɗaya ba komai ba ce, amma a wuya da hula ita ce bambancin wadda ta zauna da wadda ke sa ciwon kai. In za ka aika wa mai ɗinki awonka ta waya, mafi alheri ka auna da fuskar tef ɗin da shi yake aiki da ita, ka rubuta masa sunan awon kusa da kowace lamba.

Akwai wani tarko a tef ɗin kansa. Tef ɗin tela na kirki inci 60 ne a fuska ɗaya, santimita 150 da 'yan kai a ɗaya fuskar. Amma cikin masu araha da ke zuwa daga Sin akwai waɗanda abin da ke kama da inci a jikinsu awon Sinawa ne, mai santimita 3.33. Gwajin ba ya cin minti ɗaya. Ka ɗora babban yatsa a kan 10 na fuskar inci, ka juya tef ɗin. In ka ga 25 da ɗan kai, inci ne na gaske. In ka ga 33, ka ajiye shi, ko ka riƙa aiki da fuskar santimita kawai.

Talabijin da waya duk da inci ake kiransu, ko a shagon da ake magana da Faransanci, sai dai can "pus" za ka ji an ce. Kuma daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, a karkace. Talabijin mai inci 32 santimita 81 ce a karkace, faɗinta kuwa wajen 71, ban da baki. Wanda ya sa kafinta ya yi masa gurbi da lambar kwali zai tarar da fili ya yi yawa.

Ƙafa, da sha'anin gini

A nan ne aka fi yin asara, don haka zan ɗan daɗe. Ƙafa ɗaya inci 12 ce, santimita 30.48. Ka ninka ƙafa sau uku ka yar da sifiri, ka sami mita. Rijiya mai zurfin ƙafa 100 mita 30 ce. Kwantena mai ƙafa 20 mita 6 ce, mai 40 kuma 12. Katifar da 'yan Najeriya ke kira shida da shida santimita 183 ce kowane gefe, saboda haka ba za ta shiga gadon da aka yi wa faɗin 160 ba, gadon 180 ma sai da dannawa. Uwargida ta auna cikin gadon kafin a ɗauko katifa daga ƙetaren iyaka, domin mayar da ita ya fi sayenta wuya.

Fili. Wanda ya saba da Najeriya zai ce maka "hamsin da ɗari", yana nufin ƙafa 50 a ƙafa 100. Da lissafin tsaye mita 15 ne a mita 30, murabba'in mita 450. Da lissafin gaske 15.24 ne a 30.48, murabba'in mita 464 da rabi. Bambancin ya haura 14, wato ɗaki guda cur. A hira a ƙarƙashin bishiya 450 ta wadatar. A takardar ciniki kuwa, wadda za a kai wa masu awon ƙasa don neman takardar mallaka, ba a rubuta "hamsin da ɗari". A ja tef a gaban shaidu, a rubuta mita nawa kowane gefe. Na sha ganin maƙwabta sun daina gaisawa a kan abin da bai kai taku ɗaya ba, kuma in ka bi diddigi, ɗaya ƙafa ya lissafa ɗaya mita.

Murabba'in ƙafa zuwa murabba'in mita, ka raba da 11. Ɗaki mai ƙafa 12 a 12 ya ba da 144, raba da 11, 13 da ɗan kai. In tayil za ka saya, ka ce 15, saboda yanka da fashewa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a raba da uku, tunda mita ƙafa uku ce da ɗan kai. Wannan na tsawo ne kawai. A shimfiɗa uku da ɗan kai sau uku da ɗan kai ne, shi ya ba da kusan 11.

Bulo. Magini daga Mubi zai ce maka inci shida ko inci tara, mai buga bulo a Garwa kuma na 15 da na 20 ya sani. Inci 6 da 15 ɗaya suke. Inci 9 kuwa ya kusa santimita 23, bai yi daidai da 20 ba, don haka in zanen gidan da inci tara aka yi shi, a zauna da magini a daidaita kaurin bango tun kafin a tona harsashi. Rodi da milimita ake kiransa a nan: rabin inci shi ne na 12, inci uku bisa takwas na 10, biyar bisa takwas na 16. Ƙusa inci 4 ita ce ta 100, inci 3 kuma milimita 76, mafi kusa da ita a shagunanmu ta 80 ko ta 70. Fallen katakon silin ƙafa 4 ne a ƙafa 8, shi ya sa kake ganin 122 a 244 a jikinsa, lambobin da ba wanda zai zaɓa da a ce da mita aka fara.

Bututun ruwa shi ne mai taurin kai. Sunansa ba awonsa ba ne. Bututun ƙarfe da ake kira rabin inci, in ka auna bayansa za ka sami milimita 21, ba 12.7 ba. Shagunan da ke bin tsarin Faransa 15/21 suke rubuta masa, na inci uku bisa huɗu 20/27, na inci ɗaya 26/34. A nan kada ka yi lissafi ko kaɗan. Ka yanko guntun tsohon bututun ko ka kwance kan famfon, ka sa a aljihu ka tafi da shi shago.

Haka sifana. Rabin inci milimita 12.7 ne, sifana 13 tana kama shi da ɗan sako-sako. Tara bisa sha shida 14.3 ne, 14 ba ta shiga sai an buga. Uku bisa huɗu da 19 kuwa kamar tagwaye suke. In noti ya ƙi kwancewa kuma sifanar tana wasa a kansa, ka dakata, domin da zarar kan notin ya murje aikin minti biyar ya koma na yini.

Mil da kilomita

Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, ko ka ce mil 5 kilomita 8. Hanyar da na fi so: ka ɗauki lambar, ka ƙara rabinta, ka ƙara kashi gomanta. Mil 60: 60 da 30 da 6, 96. Komawa baya kuma, ka raba kilomita da 8 ka ninka sau 5. Garwa zuwa Marwa kilomita 200 ne da 'yan kai, 200 raba 8 ya ba da 25, sau 5, mil 125.

Wurare biyu wannan ke da amfani. Na farko wajen sayen mota. Motar da aka yi don kasuwar Amurka da mil take ƙirga tafiyarta. Dillali zai nuna maka 120,000 ya ce, "Alhaji, duba, ko gumi ba ta yi ba." Ka yi lissafinka a zuci: 120 da 60 da 12, kilomita 192,000. Ba lalle ƙarya ya yi maka ba, amma ba zai tuna maka ba. Ka duba ƙananan haruffan da ke kusa da lambar.

Na biyu a kan hanya. A irin waɗannan motoci manyan lambobin malejin mil ne a awa, na kilomita ƙanana ne a ciki. Allon hanya ya ce 50, allurarka ta tsaya a 31. Ya ce 80, ta tsaya a 50. Ya ce 100, 62. Direban da ya ga allura a kan 80 yana jin a hankali yake tafiya, alhali yana dab da 130, a hanyar da shanu ke tsallakawa ba sallama.

Taya kuma ta haɗa awo biyu a jiki ɗaya. In ka ga 195/65 R15, 195 ɗin milimita ne, faɗin tayar, 15 ɗin kuma inci ne, girman wili. Iska ma haka. Takardar da ke manne a bakin ƙofar direba tana iya cewa 32, agogon mai faci kuma yana nuna 2 da ɗan kai, abin da zai kira "kilo biyu". Ka ninka lambar Amurka sau 7 ka raba da 100: 32 sau 7, 224, wato 2.2. Talatin ya zama 2.1, 35 ya zama 2.4.

Galan har kala uku

Galan na Amurka lita 3.8 ne. Na Ingila lita 4.5 ne. Na bakin titi kuwa sunan roba ne kawai, yawanci mai lita 4, wani wurin 5. Wanda ya taɓa sayen zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin titi, a Garwa ya san ba a ciniki da sunan mazubi. Lita nawa ce, shi ne magana, kuma in jarka ce ka duba gindinta ko kafaɗarta, 20 ko 25 na nan a rubuce.

In ka ga galan a jikin injin ban ruwa ko littafin janareta, ka ɗauka na Amurka ne sai in an faɗi akasin haka. Ka ninka sau 4 ka ɗan rage. Famfo mai galan 10 a minti lita 38 yake zubarwa. Baƙin man inji da aka rubuta da kwat, kowane ɗaya ya gaza lita da kaɗan, 0.95, don haka guda 5 lita 4.7 ne. Kwalbar madarar jarirai mai lamba 8 a gefe ɗaya, ka juya ɗaya gefen za ka ga 240, domin kowane oza na ruwa kusan mililita 30 ne. Ƙaramin cokali 5, babban cokali 15, kofin girki na Amurka 240.

Gangar ɗanyen mai da ake faɗin farashinta a rediyo, irin wanda bututu ke kwasa daga Doba ta Cadi zuwa Kribi ta Kamaru tun 2003, lita 159 ce. Duron ƙarfe da muke tara ruwa a ciki ya fi ta, shi 200 ne da 'yan kai.

Laba da kilo

Laba gram 454 ce. Ka raba biyu, sannan ka cire kashi goma na abin da ya fito. Jakar jirgi mai laba 50: rabi 25, cire 2.5, saura 22.5. Shi ne kilo 23 ɗin da ake ba matafiyi. Daga kilo zuwa laba, ka ninka biyu ka ƙara kashi goma: kilo 70 ya zama 140 da 14, laba 154. Buhun siminti mai kilo 50 laba 110 ne. Ɗan'uwa ya bugo daga Amurka ya ce an haifi jariri mai laba 7, kada Goggo ta firgita, kilo 3 ne da gram 200.

Manoman auduga su lura da wannan. Farashin auduga a kasuwar duniya da santin dala ake faɗinsa a kowace laba. A ce an ce 80, ka ninka biyu ka ƙara kashi goma, 176 a kilo. Amma wancan kuɗin audugar da aka gurje ne. Kilo 100 na auduga mai gurya, irin wadda manomi ke kai wa sikeli, kilo 40 da 'yan kai yake bayarwa bayan gurza, don haka ba a ɗora lambobin biyu kai tsaye.

Oza na kayan abinci gram 28 ne, oza na zinariya kuwa 31.1. Mai sayen ɗan kunne ya riƙe na biyun. Mudu da tiya da koron Cadi ba sa shiga wannan lissafi, domin cika suke aunawa ba nauyi ba. Koron gero da koron gyaɗa ba za su taɓa yin nauyi ɗaya a sikeli ba.

Eka, hekta da kar

Hekta mita 100 ce a mita 100. Eka biyu da rabi ke yin hekta ɗaya. Manoman yankin nan, musamman waɗanda suka yi aiki da SODECOTON, kamfanin auduga na Kamaru, da "kar" suke lissafi, wato rubu'in hekta, mita 50 a mita 50. Kenan eka 5 hekta 2 ce, kar 8. Eka ɗaya ta ɗara kar ɗaya da rabi kaɗan.

Amfanin wannan yana jikin kwalbar maganin feshi da buhun taki. In an rubuta lita 1 a eka, a hekta lita biyu da rabi ne, a kar kuma mililita 620 ko kusa da haka. Wanda ya ɗauki eka a matsayin hekta zai fesa ƙasa da rabin abin da ake bukata, ciyawa ta yi masa dariya. Wanda ya juya ta ɗaya hanyar kuma zai ƙona shukarsa da kuɗinsa.

Zafi

A ma'aunin Amurka, mai harafin F, ruwa yana daskarewa a 32, yana tafasa a 212. Namu, mai harafin C, 0 ne da 100. Don yanayin gari, ka cire 30 ka raba biyu: 80 ya zama 25, ainihi kusan 27. Ya isa ka san ko za ka ɗauki rigar sanyi. Amma yadda lambar ke hawa haka kuskuren ke girma. Zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, in ya kai 104 a waya, wannan hanya za ta ce maka 37, alhali 40 ne.

Saboda haka in jikin mutum ake aunawa, a ajiye wannan dabara gefe guda. Yaro yana da 102, lissafin tsaye zai ba da 36, uwa ta ce lafiya lau, alhali yana dab da 39. Lambobi huɗu ake haddacewa: 98.6 shi ne 37, lafiyayyen jiki. 100.4 shi ne 38, zazzaɓi ya fara. 102.2 shi ne 39. 104 shi ne 40, a nufi asibiti ba jira. Yawancin ma'aunan zafi na batir suna da hanyar sauyawa, sau da yawa ta danne maɓallin na 'yan daƙiƙu, har harafin F ya koma C. Ka sauya shi tun ranar da ka saya, kada ka bari sai tsakar dare yaro na kuka.

Masu kiwon kaji da injin ƙyanƙyasa su ma ba ruwansu da kintace: 99.5 shi ne 37.5, kuma digiri ɗaya sama ko ƙasa yana iya lalata ƙwai. Mai gasa kek ta riƙe cewa 350 na littafin girki 180 ne a murhunta, 400 kuma 200.

In lissafin gaske ake so, ka cire 32, ka ninka sau 5, ka raba da 9. Gwada da 104: saura 72, sau biyar 360, raba tara, 40.

Yadda za ka sa su zauna a ka

Ka fara da jikinka. Kakanninmu da taƙi da kamu da gaba suke awo, kuma har yanzu suna aiki in ka san naka. Ka ɗauki tef yau ka auna taƙinka, daga babban yatsa zuwa na tsakiya a buɗe, ka auna kamunka daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ka auna takunka na tafiya. Nawa taƙin santimita 21 ne, kamu 47, don haka kamu biyu nawa yadi ne da 'yar rara, taƙi biyar kuma mita ce da kaɗan. Da wannan nake gane turmin da aka rage wa tsawo tun kafin a kawo tef.

Sannan ka ɗauki mako guda kana juya duk lambar da ta gifta gabanka: allon hanya, jikin jarka, kwalin talabijin, bakin magini. Ka fara faɗin amsarka, sannan ka duba waya ka ga nawa ka kauce. Inda ka ga kana yawan kaucewa, ka rubuta lambar a ɗan kati ka manna a bayan waya ko a bangon shago. Nawa katin layi biyar ne: yadi 11 mita 10, inci 4 santimita 10, mil 5 kilomita 8, eka 5 hekta 2, sai 100.4 daidai da 38.